Motsa Jiki da Kwanciyar Hankalin Tsofaffi a Ƙasar Wudil

Hausawa kan ce motsi ya fi laɓewa. Yawanci a kan neman abinci ake buga wannan karin magana, amma binciken da likitoci suka yi cikin shekaru 70 da suka shige ya nuna gaskiyarta ta kai har ga lafiyar hankali, tun ba ga tsofaffi ba. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda ƙafar tsoho ke taimakon zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa, da yadda zaman dā na ƙasar Wudil ya tanadar wa tsofaffi motsi ba tare da kowa ya kira shi motsa jiki ba, sa'an nan da abubuwan da ke rage wannan motsi a yau. Maganar ta shafi kowane gida, domin sau da yawa 'ya'ya masu biyayya su ne ke zaunar da iyayensu wuri ɗaya da kyakkyawar niyya, ba su san cutarwa suke yi ba.

Garin Wudil da Sana'o'insa

Wudil tana kudu maso gabas da birnin Kano, kimanin kilomita 40, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. Garin yana bakin kogi, watau ruwan da ya taru bayan Kogin Kano da Kogin Challawa sun haɗu, wanda daga nan yake gangarawa Ringim da Haɗejiya. A tarihin masarautar Kano, Makama ne aka sani da hakimcin Wudil. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 185,189.

Abu uku ne suka riƙe garin tun dā: kogi, da gona, da kasuwa. Kogi ya ba masunta kifi, ya ba magina tukwane yumɓu, ya ba masu lambu fadama. Gona ta ba da gero da dawa da wake da gyaɗa. Kasuwa kuwa, wadda ke ci ranar Juma'a, kararta ta shanu ta yi suna a duk ƙasar Nijeriya, har daga kudu fatake ke zuwa saye. A zamanin baya an ƙara wa garin manyan makarantu, watau Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda, da kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda ta buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ta haka garin ya tara iri biyu na tsofaffi: waɗanda suka tsufa a gona da kogi da kasuwa, da waɗanda suka tsufa a kan kujerar ofis.

Yadda Tsoho ke Motsi a Zaman Dā

Bahaushen dā bai ware wani lokaci don motsa jiki ba, sai fa samari masu kokawa da dambe da langa. Motsin dattijo yana cikin aikinsa, da ibadarsa, da zumuncinsa.

Manomi ko ya tsufa ba ya barin gona gaba ɗaya. Idan ƙarfi ya ja baya ya bar wa 'ya'yansa huɗa da noman farko, amma shi ke zuwa ya duba shuka, ya yi cira, ya kori tsuntsu, ya ɗaure dami, ya yiwo wa akuya harawa. Mai lambu a bakin kogi da jigo yake ban ruwa, aikin da ke motsa hannu da baya da ƙafa tun hantsi. Tsohon masunci da ya daina shiga ruwa yakan sauka bakin kogi ya gyara koma da taru, ya duba abin da yara suka kamo. Dillalin shanu kuwa yini yake a tsaye a kara, yana kai da kawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Mata su ma haka. Surfe, da daka, da niƙa, da tankaɗe, da sussuka, da shiƙa, da jan ruwa a rijiya, duka da ƙarfin jiki ake yinsu. Ga shi kuma a al'ada mace idan ta manyanta kulle yakan sassauta mata. Tsohuwa ita ce ungozoma, ita ce dillaliya mai shiga gida gida, ita ke raka amarya, ita ake aika ƙauye barka ko ta'aziyya. Ke nan mace ta fi yawan tafiya bayan ta tsufa bisa ga lokacin ƙuruciyarta.

Ibada ma tana da nata rabo. Salloli 5 na farilla raka'a 17 ne, cikinsu akwai ruku'u 17 da sujada 34, ga tsayuwa da zama, ban da nafila. Dattijon da ke zuwa masallaci sau 5 a yini ya yi tafiya 10 ke nan, zuwa da dawowa, kuma a kowace tafiya sai ya gaisa da mutane, an tambayi lafiyarsa, ya ji labarin unguwa. Zumunci kuwa an riga an ce a ƙafa yake. Suna, da ɗaurin aure, da jana'iza, da dubiya, duka da ƙafa ake zuwa.

Abin lura a nan shi ne kowane ɗaya daga cikin motsin nan yana tafe da abu biyu: akwai dalilin fita, akwai kuma mutane a inda za a je. Tsoho yana fita ne don ana bukatarsa.

Abin da Ya Sake

Na'urori sun ɗauke wahala mai yawa, wannan kuwa alheri ne, babu mai musu. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sake, noman rani ya bunƙasa, injin ban ruwa ya kori jigo. Injin niƙa da na surfe sun rage aikin turmi da dutsen niƙa. Famfo da rijiyar burtsatse sun rage jan guga. Babur da A Daidaita Sahu sun maye gurbin ƙafa da jaki da keke, har tafiyar da ba ta kai kilomita guda ba sai a hau abin hawa. Wayar hannu kuma ta shiga cikin zumunci, gaisuwar da dā sai an taka yanzu daga kan tabarma ake yinta.

Ga kuma ma'aikacin gwamnati. Yawancinsu suna ajiye aiki idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Mutumin da ya saba tashi da sassafe ya shirya ya fita, rana ɗaya sai ya wayi gari ba inda ake jiransa. In ba shi da gona ko wata sana'a, zaman zaure da rediyo su ne aikinsa.

Amma abin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne hutarwa. Ɗa nagari idan Allah ya hore masa, abin da yake fara yi shi ne ya ce, "Baba, ka sha wahala a kanmu, yanzu sai ka zauna ka huta, mun ɗauke maka." Ya ba da gonar haya, ya hana zuwa kasuwa, ya sa a riƙa kai shi masallacin Juma'a a mota. 'Ya kuma ta ce, "Inna, ajiye tsintsiyar nan, ga yara." Akwai kuma tsoron bakin mutane, kada a ga tsoho da fartanya a ce 'ya'yansa sun wofintar da shi. Niyyar mai kyau ce, amma abin da aka ɗauke ya wuce wahala kaɗai: an haɗa da dalilin fita da kuma abokan hira.

Abin da Bincike Ya Nuna

Farkon binciken da ya ja hankalin likitoci a kan zama wuri ɗaya an yi shi ne a birnin Landan. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon nazarin ma'aikatan motocin haya kimanin 31,000. Motocin masu bene ne, direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Daga nan aka soma tambaya, idan motsi yana tsare zuciya, ina labarin hankali?

A 1999 James Blumenthal da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka ba da wata amsa. Sun tara mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon damuwa mai tsanani. Aka raba su kashi 3 ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka ba su magani, kashi ɗaya aka sa su tafiya da sauri ko sassarfa sau 3 a mako, kashi na uku aka haɗa musu duka biyu. Bayan mako 16 sai aka tarar a kowane kashi mutum 60 zuwa 69 cikin ɗari sun sami sauƙi. Da aka sake duba waɗanda suka warke bayan wata 6, ciwon ya komo wa 8 cikin ɗari na masu motsa jiki kaɗai, alhali cikin masu shan magani kaɗai ya komo wa 38 cikin ɗari. Ya kamata a lura masu motsa jikin nan a cikin taro suke yi, saboda haka sun sami motsi sun kuma sami jama'a.

A 2011 Kirk Erickson da 'yan'uwansa masu bincike, su ma a Amurka, suka duba ƙwaƙwalwar kanta. Akwai wani ɗan sashe can ciki wanda ke ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, kuma yakan ƙanƙance sannu a hankali da tsufa. Aka sami dattawa 120, rabi aka sa su tafiyar ƙafa sau 3 a mako har ta kai minti 40, rabi aka sa su miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen nan ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin ɗari ga masu tafiya, ya ragu da fiye da kashi 1 ga sauran.

Kada a ɗauka ciwon damuwa na Turawa ne. A 2007 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi wa tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa. Sun tarar kashi 26 cikin ɗari sun taɓa yin ciwon a rayuwarsu, kashi 7 kuma sun yi shi cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ya fi yawa ga mata, ya kuma fi yawa ga mazauna birni bisa ga na ƙauye.

Game da gigin tsufa, watau ruɗewar da ke sa tsoho ya mance sunan 'ya'yansa ko hanyar gidansa, wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu cikin kusan kashi 45 cikin ɗari na masu ciwon a duniya. Rashin motsi yana ciki, kaɗaici yana ciki, haka nan hawan jini, da ciwon suga, da damuwa, da kurumta.

Yadda Ƙafa ke Taimakon Kai

Hanyoyin da motsi ke bi ya isa ga hankali suna da dama, ga manyansu.

Ta farko jini. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye wajen kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. Ƙananan jijiyoyi ne ke kai mata wannan jini, hawan jini da ciwon suga kuwa su ne manyan masu lalata su. Tafiya a kai a kai tana rage hawan jini, tana taimakon jiki ya sarrafa suga, ta haka tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da irin mantuwar da ke biyo bayan toshewar jijiyoyi.

Ta biyu, sa'ad da tsoka ke aiki jiki yakan ƙara fitar da waɗansu sinadarai masu taimakon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma haɗu da juna, da waɗansu masu sa mutum ya ji sakayau bayan ya yi gumi.

Ta uku barci. Wanda ya yini a ɗaki yana gyangyaɗi, da dare sai ido biyu, dare kuwa shi ne lokacin saƙe-saƙe. Fita cikin hasken safiya da ɗan gajiyar aiki suna daidaita lokacin barci da na farkawa.

Ta huɗu ƙarfin ƙafa. Tsoka tana raguwa da tsufa, kuma ta fi saurin raguwa ga wanda ya zauna. Idan ƙafa ta yi rauni sai tsoho ya faɗi, in ya faɗi sau ɗaya sai tsoro ya kama shi ya daina fita, in ya daina fita ƙafar ta ƙara rauni. Ana nan sai a wayi gari ko ban ɗaki sai an kai shi, abin da ke karya zuciyar mai mutunci fiye da ciwon kansa.

Ta biyar jama'a. Tsohon da ya isa bakin kasuwa ya zauna majalisa, aka yi musu, aka buga dara, aka nemi shawararsa a kan iyakar gona ko farashin sa, ƙwaƙwalwarsa ta yi aiki, ya kuma ji yana da sauran amfani.

Iyakar Maganar

Ba kowane aikin ƙarfi ne ke gyara hankali ba. Tsohon da talauci ya tilasta wa dako ko ɗiban yashi a kogi cikin rana, da yunwa a cikinsa, abin da yake bukata sauƙi ne. Motsin da ake nufi shi ne wanda ya dace da ƙarfin mai yinsa, wanda zai yi ya kwana lafiya ya tashi yana marmarin sakewa.

Haka kuma motsi ba ya warkar da gigin tsufa idan ya riga ya kama, sai dai ya taimaka wajen barci da ƙarfin jiki. Tsohuwar da ta soma sambatu ko fita da dare tana ɓata hanya ciwo ne ke damunta, ba maita ba, asibiti ya kamata a kai ta. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci makonni, ko ya riƙa cewa gara ya mutu, shi ma a hanzarta kai shi Babban Asibitin Wudil, in ya cancanta a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya soma tafiya, sai da izinin likitan.

Gwargwadon da Ake Bukata

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci mai shekara 65 zuwa sama ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum yana iya magana. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, da na daidaita tsayuwa kwana 3 don tsare faɗuwa. Ta kuma ce kaɗan ya fi babu.

Idan aka raba minti 150 ga kwana 5, minti 30 ke nan a yini, kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Dattijon da masallacinsa ke da nisan minti 5, in ya je sau 3 kawai ya dawo, ya cika mintinsa 30, muddin ya ɗan ɗaga ƙafa. Tashi daga kujera a zauna sau 10 ba tare da dafawa ba yana ƙarfafa cinya. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango tana gyara tsayuwa. Shara, da ban ruwan 'yan shuke-shuke, da kiwon kaji da awaki, duka suna shiga lissafi.

A kiyaye lokaci. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Kano yakan kai awo 40, saboda haka bayan asuba ko bayan la'asar ya fi. Da hunturu mai tari ko asma ya jira ƙura ta lafa. Da azumi a rage, a mai da shi bayan shan ruwa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 5, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya ga likita. Mai ciwon suga ya sa takalmin da ya rufe ƙafa, ya riƙa duba tafinsa. Sanda kuwa ba abin kunya ba ce.

Abin da Ya Rage ga Iyali da Shugabanni

Tun 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta kuma soma aiki a 2021. Amma mafi yawan abin da ake bukata a Wudil ba ya jiran gwamnati, yana hannun masu gida.

Ɗan da ke son hutar da mahaifinsa ya ɗauke masa nauyi, ya bar masa zirga-zirga. Ya biya 'yan ƙwadago su yi huɗa, amma ya bar wa tsohon 'yar gona kusa da gari da duba aikin. Ya ɗauke cefane, amma ranar Juma'a ya ce, "Baba, ka fi mu sanin dabba, ko za ka leƙa kara ka duba mana rago?" Tsohuwa a bar mata awakinta da 'yar sana'arta da zuwa unguwa. Dattijuwar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ko ta haɗu da maƙwabta su taka zuwa makarantar Islamiyya tare. Jikoki su ne abokan tafiya na ƙwarai, ga wasan da ke tsakaninsu da kakanni, kaka tana kiran jikanta miji, kakan yana kiran jikarsa amarya, a tafi ana raha.

Limamai da masu unguwanni suna da abin yi, domin su ake saurara. In suka bayyana cewa ganin dattijo a kan ƙafarsa ba alamar wofintarwa ba ce, kunyar da ke sa 'ya'ya zaunar da iyaye za ta ragu. Ƙaramar hukuma kuma ta kula da magudanan ruwa da ramuka, da wurin tsallaka babbar hanya, da inuwa da wurin zama tsakanin unguwa da kasuwa, gama tsoron mota da tsoron faɗuwa suna tsare tsofaffi da yawa a gida. Ɗaliban jami'ar garin da ma'aikatan lafiya suna iya auna jinin dattawa a ƙofar masallaci, su nuna musu 'yan motsin nan masu sauƙi.

Hanyar gane ko gida ya kiyaye wannan haƙƙi ba ta da wuya. A tambayi tsohon da safe ina za shi yau, wa kuma ke jiransa. In yana da amsa, to, a taimake shi ya isa da ƙafarsa. In ba shi da ita, aikin iyalinsa ne su samar masa.